Intanet Yana Zuwa Yana Ɗaukewa: Ka Gano Inda Ya Toshe Kafin Ka Kashe Kuɗinka

Kamar yadda muka saba, ga abin da muka tattauna a shirinmu na wannan karo a rubuce, saboda wanda shirin ya wuce shi yana daji ko yana kan hanya, da kuma wanda ya ji amma yana son ya ajiye ya riƙa dubawa.

Maganar ta taso ne daga saƙon wani dattijo mai sayen riɗi da tumaki a Abu Na'ama, nan kudu da Sinja a kan hanyar Damazin. Yana da kwamfutar tafi-da-gidanka a gida, ɗansa ne ke riƙe masa lissafi a ciki. Suna da 'yar na'urar nan da ake sa wa layin waya tana raba intanet ba tare da igiya ba, wadda ake ce wa rauta. Kwamfuta da wayoyin gidan duk a kanta suke. Da rana lafiya lau, amma da an yi sallar Isha'i sai intanet ya fara wasan ɓuya: ya zo minti biyar, ya ɗauke minti biyu, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Wani dare yana cikin tura wa abokin cinikinsa na Damazin kuɗin kaya, sai abu ya tsaya cik. Ya ɗauka bai tafi ba, ya sake turawa. Ashe na farkon ya shiga. Allah ya sa abokin nasa mutumin kirki ne, ya mayar masa. Tambayarsa ita ce: ya sayi sabuwar rauta ne, ko ya canza kamfanin layi, ko kwamfutar ce ta tsufa?

Amsar da muka ba shi ita ce: Baba, kada ka sayi komai tukuna. Mu fara gano inda abin ya toshe.

Me ya sa wannan ta zama maganar kowa

A da, intanet kayan samari ne da 'yan makaranta. Yanzu kuwa kuɗin mutum ne ke bi ta cikinsa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma manhajar banki a waya, musamman Bankak ta Bankin Khartoum. A watan Fabrairu 2024 da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a faɗin ƙasa, kowa ya ga yadda kasuwa ta tsaya, mai kuɗi a asusu ya kasa sayen mudun dawa. Sannan a watan Disamba 2024 Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da 1000, aka ce a zuba tsofaffin a asusu. Wannan ya tura mutane da dama buɗe asusu, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Yau makiyayi zai sayar da sa, kuɗin ya shigo masa a waya. To ka ga ɗaukewar minti biyu tana iya zama asarar sa guda.

Ka bi ruwan daga gona zuwa madatsa

Mutanen Jazira sun san wannan. Ruwa yana tasowa daga madatsar Sinnar, ya bi babbar tur'a, ya shiga ƙarama, ya shiga abu ishirin, sannan ya iso gona. Idan bai iso ba, manomi ba ya cewa kogi ya ƙafe. Yakan bi magudanar da ƙafa har ya ga inda ciyawa ko laka ta toshe. Intanet ɗin gidanka ma haka yake, zango huɗu yake bi:

Na ɗaya, ita kanta kwamfutar.
Na biyu, tazarar da ke tsakanin kwamfuta da rauta, wato wayfai.
Na uku, rautar da wutar da take ci.
Na huɗu, hanya daga rauta zuwa turken sadarwa na kamfani, wanda a nan muke ce wa burji, da abin da ke bayansa.

Mutane da yawa suna haɗa wayfai da intanet su ɗauka abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wayfai 'yar gajeriyar hanya ce ta cikin gida kawai. Kana iya ganin alamarsa a cike taf a kwamfuta, alhali can tsakanin rauta da burji babu komai.

Gwajin da ba ya cin ko sisi

Ka haɗa wayarka da rautar nan, ka kashe datar wayar, ka ajiye ta kusa da kwamfuta. Da zarar kwamfuta ta ɗauke, kada ka taɓa komai, ka dubi abu uku.

Ka fara da waya. Idan waya tana aiki kwamfuta ce kaɗai ta tsaya, matsalar a zango na ɗaya take. Rautarka da layinka ba su da laifi.

Idan duk biyun sun tsaya, ka dubi sunan wayfai ɗin gidanka a jerin sunaye. Idan sunan ya ɓace gaba ɗaya, sannan ya dawo bayan minti ɗaya ko biyu, to rauta ce take mutuwa tana tashi. Ka je ka dubi fitilunta, za ka ga sun mutu suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan zango na uku ne.

Idan kuwa sunan yana nan, alamar a cike, amma shafi ba ya buɗewa, ka dubi fitilar sabis a jikin rauta. In ta canza launi ko sandunanta sun ragu, matsalar tana waje, zango na huɗu.

Idan abin yana gyaruwa da ka matso kusa da rauta, yana lalacewa da ka koma ɗakinka, zango na biyu ke nan.

Sannan ka samu takarda da biro, ko ka sa yaro ya rubuta maka. Kwana uku, duk lokacin da ya ɗauke a rubuta: ƙarfe nawa, mutum nawa ke kai, me aka kunna a gidan, kwamfuta tana jikin caji ko a'a, akwai hadari ko ƙura. Makiyayi bai kan ɗura wa saniya magani don kawai ta ƙi kiwo yau. Sai ya lura: da safe ne ko da yamma, ita kaɗai ce ko garken ne, ina suka sha ruwa jiya. Ciwon da ke zuwa yana tafiya, lokacin zuwansa ne ke tona shi.

Idan laifin kwamfuta ne

Abin da ya fi yawa a nan shi ne tattalin batir. Kwamfuta mai Windows tana da ɗabi'ar rage wa ɓangaren wayfai wuta, ko ta kashe shi na ɗan lokaci, don cajinta ya daɗe. Alamarsa ita ce: in tana jikin caji lafiya, in an zare sai ta fara yankewa, ko kuma in an rufe ta an buɗe sai ta ƙi kamawa. Gyaransa ba wuya. A sa wanda ya iya ya shiga wurin da aka rubuta Device Manager, ya nemo sunan na'urar wayfai, ya buɗe shafin Power Management in akwai, ya cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe ta. A kuma fitar da kwamfutar daga tsarin tattalin batir lokacin aiki mai muhimmanci.

Na biyu, a sa kwamfutar ta manta da wayfai ɗin gidan, a sake haɗa ta da lambar sirri kamar yau ta fara. A kuma goge tsofaffin sunayen wayfai na maƙwabta da na shaguna da ta taɓa hawa, domin takan yi tsalle ta koma wani da kanta, kai kuma ka ga kamar yankewa ce.

Na uku, 'yar manhajar da ke tuƙa ɓangaren wayfai tana tsufa. Mai gyara zai sabunta ta daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

Na huɗu, eriyar wayfai a yawancin kwamfutocin nan tana cikin murfi ne, a gefen gilashi, wasu siraran wayoyi ne suka bi ta wurin naɗewa suka sauko ciki. Idan ka lura sabis yana canzawa duk lokacin da ka ɗaga murfin ko ka kwantar da shi, wayar ta sassauta ko ta tsinke. Wannan yakan samu kwamfutar da ta sha jijjiga a bayan mota ko babur. Ko a gyara, ko a sayi 'yar ƙaramar na'urar wayfai da ake soka wa a ramin USB. Kuɗinta bai kai ko kusa da na sabuwar kwamfuta ba.

In rautarka mai ramin igiya ce, ka ari igiyar intanet ka haɗa su kai tsaye na dare ɗaya. Idan bai yanke ba ko sau ɗaya, ka tabbata layinka lafiya yake.

Idan tsakanin ɗaki da ɗaki ne

Wayfai rediyo ne, irin namu, sai dai mai ƙaramar murya. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye shi. Ƙarfe yana mayar da shi baya: rufin kwano, ƙofar ƙarfe, akwatin ƙarfe, jikin kwantena. Ruwa ma yana cinye shi, saboda haka ganga ko randa cike da ruwa a tsakaninku ba ƙaramin shinge ba ne. Mun ga gidajen da ake kulle rauta a cikin akwati don tsoron yara ko ɓarayi, sannan ana kuka da kamfani. Ka fito da ita, ka ɗora ta a sama, sama da kan mutum, a inuwa, kusa da tagar da ke fuskantar burji.

Yawancin rautoci suna magana a zango biyu na iska, 2.4 da 5. Mai lamba 2.4 ya fi tafiya nesa, ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa. Mai lamba 5 ya fi sauri da tsabta, amma bango ɗaya ko biyu sun isa su kashe shi. A kula, wannan 5 ɗin daban yake da 5G na kamfanonin waya da ake ji a labarai. Idan rauta ta ba su suna ɗaya, kwamfuta takan riƙa tsalle tsakaninsu, kowane tsalle kuwa 'yar yankewa ce. A ba kowanne sunansa. In kana ɗaki ɗaya da rauta ka hau 5, in kana nesa ka hau 2.4.

Masu shago a kasuwa, ku kuma taku matsalar maƙwabta ce. Rauta goma a layi ɗaya suna ihu a tasha ɗaya, kamar gidajen rediyo biyu a mita ɗaya. A zangon 2.4 tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. A shiga saitin rauta a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a wadda ta fi kwanciya.

Sai kuma yawan baki. Ƙananan rautocin aljihu da yawa ba sa ɗaukar fiye da na'ura goma, kuma tun kafin a kai goman suke fara nishi. Lambar sirrin da ka ba ƙaninka watan jiya, yau tana hannun rabin unguwa. Mun san hana maƙwabci abu da nauyi, amma ba rowa ba ce ka canza lamba ka ce wa mutanen gida: daga ƙarfe kaza zuwa kaza lokacin ciniki ne, a dakata da kallon bidiyo. Ita ma kwamfutar tana da nata cin: Windows takan sauke sabuntawa a ɓoye ta cinye hanya da data. A saita mata cewa wannan layin na awo ne, za ta rage.

Idan rauta ce ko wutarta

Nan ne aka fi samun ɓarawon a ƙasarmu, kuma nan ne ba a cika dubawa ba.

Zafi na farko. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwano. Rauta in ta yi zafi takan rage aiki ko ta kashe kanta. Ka taɓa ta da hannu lokacin da ta yanke. In ta yi zafin da ba ka son riƙe ta, ka canza mata wuri, kada a rufe ta da tsumma, a hure ƙurar da ta toshe mata ramukan iska. Mai batir a ciki kuma, ka buɗe ka duba. In batirin ya kumbura, ka cire shi yau, domin yana iya kama wuta.

Wuta ta biyu. Rautocin gida da yawa bolt 12 suke ci, wasu 9, na aljihu kuma 5. An rubuta a ƙarƙashinta. In cajarta ta asali ta lalace aka sa mata wadda aka samu, tana iya kunnuwa amma ta gaza a lokacin da aiki ya yi nauyi. Ka tabbata lambar bolt ɗin caja ta yi daidai da ta rauta, ƙarfin amfiya kuma kada ya gaza wanda aka rubuta. Ka girgiza bakin cajar a hankali. In fitila ta ƙifta, ramin ya sassauta.

Masu sola, ku saurara da kyau. Da rana faranti yana ba da wuta, komai lafiya. Da dare batir ne kaɗai ke ɗauke da gida. In batirin ya tsufa, duk lokacin da firji ya tashi ko aka kunna famfon ruwa, wutar takan nutse na ƙiftawar ido. Ƙwan fitila ba zai nuna maka sosai ba, amma rauta ta riga ta mutu, kuma kafin ta tashi ta sake kama burji an ci minti ɗaya ko biyu. Haka yake faruwa lokacin da aka ɗauke wutar gwamnati aka koma janareta. Maganinsa a ware wa rauta nata ɗan ƙaramin batir. Akwai waɗanda aka yi musamman don wannan, ana sa su tsakanin caja da rauta. Ta aljihu kuwa, batirin cajin waya na tafi-da-gidanka ya ishe ta.

Layin da ke ciki ma a duba. Bayan iskar habub ƙura tana shiga ko'ina. A kashe rauta, a zare layin, a goge ƙarfensa da busasshen ƙyalle mai laushi, a mayar da shi ya zauna daram.

Wanda kuma da wayarsa yake raba wa kwamfuta intanet, ya san abu uku. Waya takan kashe rabon da kanta in ta ga an ɗan jima ba a amfani da shi, akwai wurin hana ta a saiti. In kira ya shigo, sau da yawa waya takan sauka daga 4G zuwa ƙasa don ta amsa, data ta tsaya ko ta ja ƙafa. In wayar mai layi biyu ce aka kira ka a ɗayan, datar ɗaya layin takan tsaya har a gama magana. Na uku, waya tana caji tana raba intanet tana cikin zafi, dole ta gaji. In za ka daɗe, ka haɗa ta da kwamfuta da igiyar USB, ya fi kwanciya.

Idan matsalar a waje take

Kafin komai, ka duba ko datarka ce ta ƙare ko wa'adinta ya cika. Abin dariya ne, amma ya kai mutane da yawa wurin mai gyara.

Burji ɗaya yana da iyakar abin da zai ɗauka. Bayan Magariba zuwa tsakar dare kowa na kai. Ranar kasuwa mutanen ƙauyuka sun shigo, kowa da waya. Garuruwanmu da dama kuma sun karɓi baƙi da yaƙi ya koro, mutane sun ƙaru burji bai ƙaru ba. Alamar cunkoso ita ce sanduna a cike amma abu ba ya motsi, kuma da asuba sai ka ga yana gudu. Wannan ba gyaranka ba ne. Dabararka ita ce ka mayar da babban aiki bayan sallar Asuba. Shi ma burjin wuta yake ci, da man dizal ko sola da batir. In tasa ta ƙare, duk garin ne zai ɗauke lokaci ɗaya. Ka tambayi maƙwabci mai layi irin naka, in shi ma babu, ka kwantar da hankalinka.

In kana gefen gari inda 4G bai da ƙarfi, rauta takan riƙa hawa da sauka tsakanin 4G da 3G. A saiti ana iya tsayar da ita a kan ɗaya. 3G mai tsayawa ya fi 4G mai rawa, musamman wajen tura kuɗi, wanda ba ya buƙatar gudu. In rautar tana da ramin eriya, ƙaramar eriya a kan dogon sanda tana taimakawa ƙwarai. Amma da damina, in hadari ya taso, a zare igiyarta saboda tsawa.

Duk mai ciniki ya riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Inda wannan ya gaza, wancan kan kama.

'Yan kan iyaka, ga taku. Wajen Kurmuk da Gisan da Gallabat, waya tana iya barin burjin Sudan ta kama na Habasha, na Ethio telecom. Wajen Joda, hanyar Rank, tana iya kama na Sudan ta Kudu. A can ma akwai Zain da MTN, sunan ɗaya ne amma kamfanonin ƙasar can ne, datarka ta gida ba lallai ta yi aiki a kansu ba. In waya tana kan zaɓi da kanta, sai ta yi ta kai da kawo tsakanin ƙasa biyu, kai kana zaune wuri ɗaya. Ka shiga saitin layi, ka cire zaɓi da kanta, ka zaɓi kamfaninka da hannu. In ka ƙetare da gaske, ka sa layin ƙasar da kake.

Masu zuwa shagon Starlink su sayi awa, wannan ba ya bi ta burji. Farantinsa da taurarin ɗan'adam yake magana, waɗanda ke shawagi can a sama, kuma tafiya suke yi ba tsayawa. Don haka reshen bishiya ɗaya ko gefen rufi ya isa ya riƙa yanke shi na 'yan daƙiƙu duk lokacin da tauraro ya bi ta bayansa. Ruwan sama mai ƙarfi ma yana rage shi. In mutum talatin suna zaune a kan rauta ɗaya a shagon, cunkoson na wayfai ne, ba na sama ba. Ka matsa kusa da rautar, ko ka zo da sassafe.

In ya yanke kana tsakiyar tura kuɗi

Wannan shi ne abin da muka fi so ku riƙe, ko da kun manta sauran.

Kada ka sake turawa. Sauri ya kan haifi nawa. Umarninka yana iya isa banki, amsar ce ta ɓata a hanyar dawowa. Ka jira sabis ya dawo, ka buɗe manhajar, ka duba ragowar kuɗinka da jerin abin da ya fita. In kuɗin ya ragu, ya tafi. Ka rubuta lambar aikin, da rana da lokaci da adadi. In wanda ka tura wa ya ce bai gani ba, da wannan lambar za ka je reshen banki.

Kai kuma mai sayarwa, kada ka saki igiyar dabbarka don an nuna maka hoton ish'ari a wayar wani. Hoto ana iya ƙirƙirarsa, ana iya nuna na jiya. Gani ya kori ji, amma ganin a taka wayar, a cikin naka asusun. In babu sabis, ku jira tare, ko a ajiye dabbar hannun dillalin da kuka yarda da shi ku biyu, a gaban shaidu, har kuɗi ya bayyana. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Babban kuɗi kuma, ka fara tura kaɗan ka ga ya isa ga mai sunan da kake nufi. Lambar sirrinka ta banki kada ka faɗa wa mai shago ko mai gyara, ko yaron da ke taya ka latsawa in ba na jikinka ba ne sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya: daren kasuwa ka yi caji, ka sayi data, ka gwada manhajar ta buɗe.

Ga samarin da ke riƙe wa iyaye kwamfuta

Akwai wani gwaji mai suna ping. Ka buɗe baƙar tagar umarni guda biyu. A ta farko ka rubuta ping da adireshin rauta, wanda ke rubuce a ƙarƙashinta, kamar 192.168.8.1 ko 192.168.1.1, ka ƙara -t a ƙarshe. A ta biyu ka rubuta ping 8.8.8.8 -t. Ka bar su suna tafiya. In ya yanke ka duba. Duk biyun sun tsaya: matsalar tana cikin gida. Ta farko tana amsawa ta biyu ta tsaya: matsalar tana waje. Da wannan da takardar kwana ukun nan za ka je wurin mai gyara, ba zai sayar maka da abin da ba ka buƙata ba.

Shi kuwa dattijonmu na Abu Na'ama, ɗansa ya yi rubutun kwana uku. Duk yankewar bayan ƙarfe tara na dare ce, sunan wayfai yana ɓacewa, kuma kowane karo sai an ji firji ya tashi. Batirin solarsu ne ya gaji. Sun ware wa rautar nata ƙaramin batir, kwamfuta da layi da rauta duk suna nan yadda suke. Ya aiko da gaisuwa, muna amsawa, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Wanda ya gwada waɗannan bai dace ba, ya aiko mana da abin da ya rubuta: garinsu, lokacin da yake yankewa, da abin da fitilun rauta ke nunawa. Za mu karanta a shiri, matambayi ba ya ɓata. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba, a rumfar kasuwa ko a mashaya.

Allah ya tsare dukiya da mai ita, ya kai matafiya gida lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.